Magani ya daina ci: jabu ne, jiki ne ya saba, ko me?

Abu_Jega:
Assalamu alaikum. Masana, a taimaka da bayani. A rediyo ana ta maganar bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna, har an ce gwamnatin tarayya ta fitar da tsari na shekara biyar a kai. A nan Jega kuwa abin da kowa ke faɗi shi ne kafson da ya yi aiki bara, bana ya daina ci, sai an haɗa da allura. Wasu su ce jabu ne, wasu su ce jiki ne ya saba. Wanne ne gaskiya? Kuma tsarin nan zai taɓa kantin kemis da masu dabbobi, ko a takarda zai tsaya?

Hajiya_Famasi (Birnin Kebbi):
Wa alaikumus salam, Malam Abu. Jiki ba ya sabawa da antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. Ƙwayar cutar ce ke samun hanyar kuɓuta. Idan aka sha magani, masu rauni su mutu, masu tauri su rage, su hayayyafa, kuma a yanayi mai kyau wata bakteriyar kan ninka kanta cikin minti 20. Abin da ya fi muni, suna miƙa wa juna wannan taurin, ko da ba jinsi ɗaya ba ne. Shi ya sa wanda bai taɓa shan maganin ba ma zai iya ɗaukar cutar da ba ta jin sa, ta ruwan rijiya ko hannun mai jinya.

Maganar jabu tana da ƙamshin gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin 10 na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Amma ko na gaske ne, zafin Afrilu na Kebbi ya isa ya raunana shi. Yawancinsu an rubuta a ajiye ƙasa da maki 30, ga su a tire a rana tsaka ranar kasuwa. Amoxiclav na yara da ake haɗawa da ruwa firji yake so, kuma bayan kwana 7 zubarwa ake yi.

Girman matsalar: binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye dalilin bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Tsarin duniya na yaƙi da wannan matsala an amince da shi a 2015. Najeriya ta yi nata na farko daga 2017 zuwa 2022 ƙarƙashin jagorancin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, na biyun kuma daga 2024 zuwa 2028. A Satumban 2024 ƙasashe suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya za su rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030.

Abin da ya shafi kanti a ciki shi ne rabon magunguna gida uku. Rukunin farko, irin su amoxicillin, su ake fara bayarwa, kuma burin shi ne su kai kashi 70 cikin 100 na abin da ake sha. Na biyu, irin su ciprofloxacin, azithromycin da ceftriaxone, sai da dalili. Na uku, irin su colistin, na ajiya ne, sai komai ya gaza. Mu kuwa mun kifa abin. Zazzaɓin kwana biyu, sai a buga wa mutum ceftriaxone don ya ji an yi masa aiki. Alhali da ita ake ceton masu sanƙarau, kuma mun ga yadda cutar ta yi ɓarna a Zamfara, Sakkwato da Kebbi a 2017. Wanda ya ƙone rumbunsa ya san inda toka ke tsada.

Mura bairas ce, wata irin ƙwayar cuta dabam da bakteriya, antibayotik ba ya taɓa ta. Gudawar yara mai ruwa-ruwa, marar jini, maganinta ruwan gishiri da sukari da zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Yaro mai tari a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur yana kwance lafiya: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce, a kai shi asibiti. Wannan ne mai buƙatar amoxicillin.

Mai_Lab_Argungu:
Hajiya ta gama magana a ɓangarenta. In ƙara da inda rabin ɓarnar take farawa: takardar nan da ake rubuta "maleriya da taifod".

Gwajin Widal ba ya ganin ƙwayar taifod. Martanin jini yake aunawa, kuma a wurin da ruwan sha bai da tsabta mutane da yawa suna ɗauke da wannan martanin tun daga tsohuwar kamuwa. Zazzaɓin cizon sauro ma kan ɗaga shi. Widal guda ɗaya bai isa hujjar ba mutum ciprofloxacin ba.

Gwajin da ke faɗin gaskiya shi ne renon ƙwayar cuta daga jini. A ɗebi mil 8 zuwa 10 ga babba a kowace kwalba, kafin a sha ko ƙwaya ɗaya ta antibayotik. A goge fata sosai a bari ta bushe, in ba haka ba ƙwayoyin fata ne za su tsiro a ɗauka su ne cutar. A sa kwalbar a na'urar ɗumi mai maki 35 zuwa 37, ana dubawa har kwana 5 zuwa 7. In wani abu ya tsiro, a shimfiɗa shi a faranti, a jera ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban, bayan awa 16 zuwa 18 a auna da milimita faɗin filin da kowane magani ya share. Wanda ƙwayar ta tsiro har gindinsa, ba ya ci.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Mara lafiya ya iso bayan ya sha kafso kwana uku, kwalba ta fito fayau. Wuta ta ɗauke cikin dare, na'ura ta huce. Takardun maganin an bar su a zafi, sai su nuna bijirewar da babu ita. Najeriya ta shiga tsarin tattara sakamako na duniya mai suna GLASS a 2017, asusun Fleming na Birtaniya kuma ya gyara wasu ɗakunan gwaji, amma yawancin sakamakon daga manyan asibitoci yake fitowa. Halin da ƙwayoyin cutar ƙauye ke ciki, kusan lalube ake yi. Darasin Pakistan ya isa: tun 2016 suke fama da taifod da ba ta jin ciprofloxacin ko ceftriaxone.

Likitan_Dabbobi_Yauri:
Ranku ya daɗe, kada a manta da ruga, don tsarin ƙasa ya haɗa lafiyar mutum, dabba da muhalli wuri ɗaya.

Allurar antibayotik ta dabbobi, oxytetracycline mai dogon aiki, mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, awonta mil 1 ga kowane kilo 10. Saniya mai kilo 300 mil 30 take buƙata, a raba wuri biyu ko uku, cikin tsoka sosai. Abin da aka saba gani sirinji ɗaya ne na mil 10, don kwalba ta zagaye garke. Kashi ɗaya cikin uku ke nan: bai kashe ba, ya dai horar. Haka maganin sammore: ƙullin diminazene mai giram 2.36 na kilo 300 ne, a narka shi a ruwa mil 12.5, amma sai a raba wa shanu biyu. In babu sikeli, tef ɗin awon ƙirji ya fi kintace nesa ba kusa ba.

Ciwon baki da kofato bairas ne, haka annobar da ke share kaji lokacin hunturu. Zuba kafso a ruwan shansu asarar kuɗi ce. Rigakafi ne maganin abin, kuma cibiyar Vom ta jihar Filato tana yin na kaji, na awaki da na ciwon huhun shanu. Masu gidan kaji da ke ba tsaki magani tun ranar farko don su yi saurin girma su sani Tarayyar Turai ta haramta wannan tun 2006. Shi kansa colistin da Hajiya ta ce na ajiya ne, a jikin aladun Chaina aka fara gano bijirewarsa mai yaɗuwa a 2015.

Abu_Jega:
Allah ya saka da alheri. Likita, to nonon saniyar da aka yi wa allura fa? In an tafasa ba shi ke nan ba?

Likitan_Dabbobi_Yauri:
A'a, Malam. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta fitar da magani duka. A duba jikin kwalba, an rubuta kwanakin jira. Na oxytetracycline mai dogon aiki yakan kai mako guda ga nono, wajen kwana 28 ga nama, wasu kamfanonin ma sun hana a yi wa saniyar tatsa gaba ɗaya. Masu fura da nono suna da tasu alamar: madarar da ke ɗauke da magani ba ta kamawa da kyau, a kwana a tarar da ita tsararo a ƙwarya, domin maganin ya kashe ƙwayoyin da ke tsamar da ita. Saniyar da aka yi wa allura a ɗaura mata tsumma a ƙaho, a tatse ta daga ƙarshe a ƙwarya dabam, a zubar har kwanakin su cika.