Sabon malami a aji: da me zai fara a zangon farko?

Sabon_Alli:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata gare ku ce, ku da kuka daɗe da alli a hannu. Mutum ya gama kwas ɗin koyarwa, an ba shi aji mai yara wajen 50, kowane darasi minti 40. Abu uku ne suke taso masa lokaci guda: surutu ba ya yankewa, lokaci yana ƙarewa bai kai rabin abin da ya shirya ba, ga littattafan da zai duba sun taru. Da wanne zai fara? Sannan idan aji ya zauna, ta yaya malami yake ƙara gogewa ba sai ya jira an tura shi bita ba? Don Allah a ba mu abin da za a iya gwadawa gobe da safe.

Malama_Firamare:

Wa alaikumus salam Malam. Fara da zaman aji, don sauran biyun a kansa suka dogara. Yawancin surutun da ke damun sabon malami a wurare huɗu yake tashi: lokacin shigowa, lokacin raba littattafai, lokacin da ka juya baya kana rubutu a allo, da lokacin da masu sauri suka gama aiki suka rasa abin yi. Ka lura, duk lokuta ne da yaro bai san abin da ake so ya yi ba. Maganinsu shi ne ka koyar da yadda ake yin kowanne kamar yadda kake koyar da darasi: ka faɗa, ka nuna, su gwada, ka gyara, su sake. Makon farko da na biyu, ko minti goma ka kashe a kan wannan kullum, ba ka yi asara ba. Yi lissafi: minti 3 da suke zubewa wajen raba littattafai, darasi biyar a mako, mako 12, minti 180 ke nan, wato darasi huɗu da rabi sun tafi a banza a aji ɗaya kawai.

Shigowa: kafin su zauna, tambaya uku ko huɗu daga darasin baya suna kan allo. Kowa ya buɗe littafi ya fara, kai kuma ka kira rajista a cikin wannan shirun. Raba littattafai: yaro ɗaya a kowane layi, kullum shi ne har ƙarshen mako, kuma a tattara su layi-layi yadda aka raba.

Alamar yin shiru guda ɗaya tak za ka zaɓa, ko ɗaga hannu ko ƙirga daga uku zuwa ɗaya, ka tsaya a wuri ɗaya duk sanda za ka yi ta. A nan sababbi suke faɗuwa: yara 45 sun yi shiru, biyar suna hira, sai malam ya ga ai ya isa, ya fara magana. To ka koya wa ajin cewa ana iya magana a kan maganarka, kuma jibi biyar ɗin sun zama goma sha biyar. Jira. Daƙiƙa ashirin ɗin nan za ka ji kamar awa ce, amma jira. Ihu kuma kada ka fara shi, don duk ranar da ka ɗaga murya, gobe sai ka ɗaga fiye da haka kafin a ji ka.

Umarni ma yana da jeri. Ka fara da "sai na ce ku fara", sannan ka faɗi aikin, minti nawa, shi kaɗai ko su biyu-biyu, da abin da wanda ya gama zai yi. Ka sa yaro ɗaya ya maimaita. Idan ka fara da "ku buɗe shafi na 12", ƙarar takarda za ta cinye sauran bayanin.

Wanda ya karya doka, bi shi mataki-mataki: kallo, ka matsa kusa da bencinsa kana ci gaba da darasi, ka kira sunansa a hankali, ka ba shi zaɓi, sannan hukuncin da dokar makaranta ta tanada. Doguwar magana sai bayan darasi, ku biyu, don yaron da aka kunyata a gaban abokansa kare mutuncinsa zai tsaya yi. Kada ka hukunta aji duka saboda mutum uku, kada kuma ka yi barazanar da ba za ka iya cikawa ba. Wani mai bincike ɗan Amurka, Jacob Kounin, ya nazarci azuzuwa ta hanyar ɗaukar su a bidiyo, ya wallafa sakamakon a 1970. Abin da ya gani shi ne malaman da ajinsu ke zaune ba a salon hukunci suka fi sauran ba, sun fi su ne wajen hango matsala tun tana ƙarama, kamar suna da ido a ƙeya. Shi ya sa zanen wurin zama mai sunan kowane yaro ya zama dole a teburinka. "Kai mai jar jaka" ba ya tsayar da kowa.

Malamin_Lissafi:

Na yarda da Malama, sai dai zan ƙara abu guda: wani surutun darasin ne yake haifar da shi. Yaron da aka ba aikin da ya fi ƙarfinsa, ko aka zaunar da shi minti 25 yana sauraron bayani, dole ya nemi abin yi. Don haka batun lokacin da ka kawo ba a raba shi da na surutu.

Dalilin da lokaci ke ƙare maka kusan kullum ɗaya ne: manufar darasin ta yi faɗi. "Su fahimci ɓangarorin lamba" aikin mako biyu ne. "Su iya tara 1/2 da 1/3 da makamantansu" shi ne na minti 40. Ka rubuta manufa da aikin da ido zai gani, kamar su lissafa, su kwatanta, su warware, su bayyana dalili. Jerin matakan tunani na masanin ilimi Benjamin Bloom da abokan aikinsa na 1956, wanda aka sabunta a 2001, amfaninsa a wurinka ke nan, ba haddace shi don jarrabawa ba. Kuma ka fara rubuta tambayoyin ƙarshen darasi kafin ka rubuta gabatarwa. Idan ka san abin da za ka tambaya a minti na 35, duk abin da ba ya kai wa can ka cire shi.

Rabon minti 40 da ke aiki a yawancin darussa: 5 na bitar baya, 10 na bayani da misali a allo, 10 kuna yi tare, 10 kowa yana yi shi kaɗai kana zagayawa, 5 na auna fahimta. Rubuta lokacin agogo a gefen shirin darasinka, misali 9:15 a fara aikin tare, don kada bayani ya ci rabon aiki. Shi bayanin ma a gutsuttsura shi. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe sabon abu da yawa a lokaci guda, shi ya sa binciken John Sweller na ƙasar Ostareliya ya nuna cewa mai fara koyo ya fi amfana da misalin da aka warware masa daki-daki a kan a jefa masa tambaya a ce ya nemo hanya. Warware ɗaya kana faɗin tunaninka a fili, na biyu ka bar matakin ƙarshe su cika, na uku ka bar biyu. Wani mai binciken koyarwa, Barak Rosenshine, a jerin shawarwarinsa goma na 2012, ya ce a nemi yara su riƙa samun kusan kashi 80 cikin 100 daidai a lokacin aikin tare. Idan ya yi ƙasa sosai, kuskure suke haddacewa. Idan kowa yana cinye komai, aikin ya yi sauƙi.

"Kun gane?" kuwa ka daina yin ta. "E" za a ce maka ko an gane ko ba a gane ba. Yi tambaya mai zaɓi wadda kowace amsar kuskure take nuna irin ruɗanin da ke kan yaro. 1/2 a tara da 1/3: na ɗaya 2/5, na biyu 5/6, na uku 1/6, na huɗu 2/6. Kowa ya ɗaga yatsu daidai da lambar amsar da ya zaɓa, lokaci guda. Mai yatsa ɗaya ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Mai uku ninkawa ya yi. A cikin minti ɗaya ka ga kan yara 50.

Idan kuma tambayar baki ce, ka yi ta ga kowa, ka yi shiru, sannan ka kira suna, har da waɗanda ba su ɗaga hannu ba. Wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta ga malamai ba sa jiran fiye da kusan daƙiƙa ɗaya bayan tambaya. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, masu amsawa suka ƙaru, "ban sani ba" ta ragu.

Sabon_Alli:

Na gode Malam. To idan aka ɗaga yatsu na ga rabin aji sun faɗi, ga tsarin aikin zango yana cewa a wuce gaba, yaya ke nan?

Malamin_Lissafi:

Tambayi kanka ko darasin gaba a kan wannan zai hau. Idan a kansa ne, tsaya ka sake, amma da wani misali da wata hanya, kamar zana da'ira ka yanka ta shida. Maimaita bayanin farko da ƙarfin murya ba ya gyara komai. Idan mutum biyar zuwa takwas ne, tara su a benci ɗaya lokacin aikin kai-da-kai. Idan batun ba tushe ba ne, wuce, ka dawo da shi a tambayoyin shigowa bayan kwana biyu, bayan mako, bayan wata. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farko-farko, kuma bitar da aka rarraba ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Ka sanar da shugaban sashenka cewa ka tsaya da dalilinka, kada sai ranar duba littafin aiki ya gani.

MaiJanBiro:

Batun littattafai, Malam, lissafi kawai zai nuna maka. Littafi 50, kowanne minti 3, awa biyu da rabi. Aji biyar, awa goma sha biyu da rabi a aiki ɗaya. Wanda ya ce zai duba kowane layi na kowane yaro, ko ya gaji ya daina, ko ya riƙa mayar da aiki bayan mako uku, lokacin yaron ya manta ma ya yi shi.

Raba aikin kashi uku. Mai gajerar amsa, su duba da kansu a aji da biro mai wani launi, kai kana zagayawa. Na yau da kullum, ɗauki littafi goma, daga masu ƙarfi, matsakaita da masu rauni, ka karanta kana rubuta kurakuran da ke maimaituwa a takarda ɗaya, gobe ka gyara su a allo cikin minti biyar. Ka riƙa juya goman don kowa ya shigo. Aiki ɗaya a mako biyu ko uku shi za ka duba sosai. A nan ma gyara ɗaya ko biyu ka rubuta, wanda yaro zai iya aiki da shi: "sake jimla ta uku, aikatau bai dace da mai aiki ba" ya fi "ƙara ƙoƙari". Wata mai bincike, Ruth Butler, ta gwada sharhi da maki a 1988: waɗanda aka ba sharhi kaɗai sun ci gaba, waɗanda aka ba maki tare da sharhi ba su fi masu maki kaɗai ba, don ido kan maki yake tsayawa. Saboda haka ka ajiye makin a littafinka, ka ba su minti goma su gyara, sannan ka faɗa.

Mai_Duba_Darasi:

Saura ƙara gogewa. Bita ta kwana ɗaya ba laifi, amma abin da ba a gwada a aji an kuma samu mai dubawa ba, ba ya zama hali. Kuma kada ka ɗauki duk abin da aka faɗa a sama ka zuba a mako guda. Abu ɗaya, mako biyu zuwa uku, sai ya zauna ka ɗauki na gaba.

Nemi gogaggen malami ɗaya, ba lallai mai muƙami ba, wanda ajinsa ke aiki. Roƙe shi ka zauna a bayan ajinsa minti 15, da tambaya ɗaya a ranka, misali yadda yake tashi daga bayani zuwa aiki. Rubuta ainihin kalmomin da ya faɗa da mintin da ya faɗe su. Sannan shi ya shigo naka. Kada ka ce masa "yaya ka gani", don "ka yi ƙoƙari" za ka samu. Ba shi abin ƙirgawa: yara nawa aka tambaya, daga wane ɓangaren aji, minti nawa ka yi kana magana. Sau da yawa zanen zai nuna layin gaba da masu ɗaga hannu kaɗai ake yi da su. Idan babu mai shigowa, ɗauki muryarka da waya, bayan ka samu izinin makaranta, ka saurari minti goma.

Malaman Japan suna da tsari da suka daɗe a kai: su uku ko huɗu su shirya darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar, sauran su kalli yaran, ba malamin ba, su rubuta inda aka ruɗe, a gyara darasin, wani ya koyar a wani aji. Ba ya cin komai sai lokaci. Sai ka haɗa da littafi ƙarami: bayan kowane darasi layi biyu, inda suka kakare da abin da za ka canza. Baɗi idan batun ya dawo, shi za ka fara buɗewa.

A kula da abin da ake kawowa a bita. Zancen cewa wani yaro da ido kaɗai yake koyo, wani da kunne, a raba musu darasi a kan haka, masana da suka bi binciken a 2008 ba su sami hujjar da ta tabbatar da shi ba. Lokacin da za ka kashe a kansa, kashe shi wajen warware da hannunka duk tambayoyin da za ka ba yara kafin ka shiga aji. A nan za ka gano wadda amsarta a littafi kuskure ce, da wadda take buƙatar abin da ba ka koyar ba tukuna.