Mama ta karye a gefen ƙarfen kwatangwalo

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 4 ke nan da aka canza wa mahaifiyata kwatangwalo. Shekaranjiya santsi ya kwashe ta a banɗaki, hoto ya nuna ƙashin cinya ya karye daidai inda ƙarfen ya shiga. Likita ya ce sai an sake aiki. Hankalina a tashe yake, ku ba ni shawara.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. 'Yar'uwa, ki tambayi likita abu guda kafin komai: ƙarfen na nan daram cikin ƙashin, ko ya yi girgiɗi? Likitocin ƙashi suna rarrabe irin wannan karaya da tsarin Vancouver. In B1 ce, ƙarfen bai motsa ba, sai a ɗaure ƙashin da fallen ƙarfe da kusoshi da waya. In B2 ce, ya kwance, galibi a cire shi a sa mai tsawo wanda zai wuce wurin karayar. B3 kuwa ƙashin kansa ya lalace, har sai an yi masa ciko.

Mai tambaya: Anti, hoto ba zai nuna ba?

Ma'aikaciyar jinya: Ba kullum ba. Wani lokaci sai an buɗe likita ya gwada shi da hannu. Kafin faɗuwar, ta taɓa kukan ciwon cinya in ta miƙe?

Mai tambaya: Ƙwarai, kusan wata biyu tana dafe cinya in za ta tashi daga kujera.

Ma'aikaciyar jinya: To ki faɗa wa likita yau ɗin nan, alama ce babba cewa mai yiwuwa ƙarfen ya kwance tun kafin faɗuwar.

Wani ɗan zaure: Mun ga wannan a kan Baba. Ki nemo tsofaffin hotuna da takardar aikin farko mai ɗauke da samfurin ƙarfen. Mu sai da muka birkice ɗaki muna nemanta. A kuma yi gwajin jini, a tabbatar ba ƙwayoyin cuta suka kwance ƙarfen ba.

Mai gashin ƙashi: Kada ta taka ƙafar sai da izinin likita, amma kada a bar ta kwance wuri guda, saboda gyambo da daskarewar jini a jijiya. In ta warware, a auna ƙarfin ƙashinta.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Hotunan suna wurin yayana, bari in kira shi.