Gashina ya fara zuba bayan kemo na farko, don Allah ku ba ni shawara

Maman Ilham (Agege): Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da hantsi. Ni ce Anti Nas ta saka a zauren nan satin da ya wuce. An yi min aikin sankarar mama wata biyu da suka wuce, yau Asabar kwana 16 ke nan da aka ɗaura min kemo na farko, wato maganin sankara da ake ƙarawa ta ruwa, mai jan maganin nan kamar zoɓo. Tun shekaranjiya fatar kaina ke min zogi kamar an yi min sabon kitso mai tsauri. Jiya bayan Isha na zauna tsifa, ina kama jelar kitso ɗaya sai ta biyo hannuna gaba ɗaya tun daga tushe. Na zauna riƙe da ita na rasa abin yi. Likita ya faɗa min zai zube, amma gani ya kori ji. In aske ne ko in bar shi ya ƙarasa da kansa? Me zan shafa? Kuma tsakaninku da Allah, yana dawowa? Surukata ta ce magani mai cinye gashi ba magani ba ne, in dakata a nemo na gargajiya.

Hajiya Babba (Idi-Araba): Wa alaikumus salam 'yata. Sannu, Allah ya sa kaffara ne. Zan fara da na ƙarshe don shi ya fi damuna: kada ki dakata. Ni shekara 6 ke nan da gama nawa a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, nan bakin unguwarmu, kuma yanzu haka da shuku a kaina nake miki rubutun nan. Gashi yana dawowa. Ranar da aka ba ki ta ƙarin ruwa na biyu, ki je ko da kan naki ya zama tafin hannu.

Maganar aski, shawarata ki rage shi yau ko gobe. Ni na yi jinkiri, sai da na yi kwana goma ina tsintar gashi a filo, a wuyan riga, har a cikin miya. A gidan haya muke lokacin, banɗaki ɗaya da maƙwabta, kullum sai na duƙa na kwashe abin da ya taru a bakin rariya kafin wata ta shiga ta gani. Wannan kwana goman ya fi askin ciwo. Daga baya Alhaji ya sayo sabon injin aski, ya shimfiɗa tsohon zani a tsakar ɗaki, ya rufe ƙofa, shi da kansa ya yi min. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Amma daren nan na yi barci, zogin ma ya sauka. Gashin na ƙulle a ƙyalle, ya je ya binne a ƙasa can bayan gidanmu kamar yadda muka taso muka ga iyayenmu suna yi.

Anti Nas (Surulere): Maman Ilham, abin da kika gani daidai yake da lokacinsa. Yawanci tsakanin sati 2 zuwa 3 da allurar farko yake farawa. Jan maganin nan sunansa doxorubicin, ko ɗan uwansa epirubicin, ana haɗa shi da cyclophosphamide, kuma shi ne ke sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu. Aikin kemo shi ne farautar ƙwayoyin halittar da ke saurin hayayyafa. Na sankara haka suke, to na tushen gashi ma haka suke, shi ya sa abin ke shafar su. Tushen bai mutu ba, aiki ya dakatar. Ki faɗa wa Mama, surukar taki, haka cikin ladabi, in ta yarda ma ku tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita.

Na goyi bayan Hajiya, da sharaɗi ɗaya: ban da reza, ban da askar wanzami, ban da injin shago da kowa ke amfani da shi. Fararen ƙwayoyin jininki, masu yaƙi da cuta, suna yin ƙasa sosai wajen kwana 7 zuwa 14 bayan kowane ƙarin ruwa, ƙaramin yanka kan iya zama babban abu. A sa wa injin ɗan mataji a bar gashin gajere, ba sai an yi ƙwal-kwabo ba. Kuma ki ajiye ma'aunin zafin jiki a gida. In ya kai 38, ko kina rawar sanyi, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne. Kada ki ce zazzaɓin sauro ne ki aika kemis.

Ummu Khalid (Mile 12): Ni dai ban aske ba, kuma ban yi nadama ba. Almakashi na sa aka rage min shi zuwa tsawon ɗan yatsa, sauran na bar shi ya tafi a hankali. Zuciyata ba ta iya ɗaukar a wayi gari babu komai ba. Kowa da irin ƙarfinsa, Hajiya. Abin da zan ce kawai, Maman Ilham, ki ƙarasa tsefe sauran kitson yau da yatsu, da ɗan mai. In kika bar shi, wanda ya tsinke yana cukurkuɗewa da wanda bai tsinke ba ya dunƙule kamar soso, cire shi azaba ne.

Hajiya Babba (Idi-Araba): Gaskiyarki ne Ummu Khalid. Ta duba wanda ranta ya fi natsuwa da shi.

Maman Ilham (Agege): Na gode ƙwarai. Abin da ke ci min rai kuma, ji nake kamar bai halatta mace ta aske kanta ba.

Malama Ummi (Alaba Rago): 'Yar uwa, ki kwantar da hankalinki. Abin da malamai suka hana shi ne aski haka kawai, ke kuwa lalura ce ta same ki, lalura kuma tana da hukuncinta. Alwalarki tana nan yadda take, ki shafi kan da jiƙaƙƙen hannu ko da gashi ko babu. Batun hular gashi ne malamai suka yi saɓani, saboda hadisin da ya hana ƙarin gashi. Akwai waɗanda suka sauwaƙa wa macen da ciwo ya zubar wa gashi, don ita aibi take rufewa, ba yaudara take yi ba. Wannan ki tambayi malamin da kika amince da shi. Amma ko kin sa, ya fi ki cire ta wajen shafar kai.

Maman 'Yan Biyu (Obalende): Ni na sayi hular gashi a kasuwar Balogun, da tsadarta, sau uku kacal na sa. Zafin Legas da gumi, ga hijabi a sama, ga cunkoso a cikin danfo, kafin in kai tashar CMS kaina ya yi jawur yana ƙaiƙayi. Ragar cikinta tana cin fatar da ba ta saba da komai ba. Abin da ya yi min rana hulunan auduga ne, irin na ƙarƙashin hijabi, marasa ɗinki mai kauri a ciki. Ki sayi kamar shida don kullum sai kin canza, ki juya bayansu ki shafa da hannu kafin ki biya. Akwai su a Balogun da Tejuosho, ke da kike Agege ma ba sai kin tsallaka gada ba, masu sayar da hijabai na kusa da ku ba za su rasa ba. Kallabin siliki shi kaɗai ba ya zama a kan da babu gashi, zamewa yake. Na ga haka a wani suna, ina sunkuyawa gaida dattijai na ji ɗankwali na tafiya. Tun daga ranar hula a ƙasa, ɗauri a sama, ɗan fil biyu a gefe, ba wanda ya taɓa ganewa.

Da daddare kuma ki kwana da hula mara nauyi. Za ki sha mamakin yadda iskar fanka ke shiga kai.

Anti Nas (Surulere): Abin shafawa, mai sauƙi ya fi: man kaɗanya tsantsa, ko man kwakwa, ko man zaitun, kaɗan bayan wanka don fatar tana bushewa. Sabulu mara ƙamshi ko na jarirai, ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba. Sai dai ku sani, babu man da zai hana zubar nan, kome tsadarsa. Za ki ga masu talla a Facebook da haɗin tsiro da gashi cikin sati biyu, ki riƙe kuɗinki, kuɗin gwajin jini yana jiranki. Abin sha kuwa, jiƙo ne ko ƙwaya, kada ya shiga bakinki sai likitanki ya sani, don wasu suna karo da kemo a hanta. Ko biotin da ake sayarwa don gashi yana iya rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, kamar na maƙoƙo da na zuciya.

Maman Sadiq (Ijora): Anti Nas, na gani a intanet wai akwai hular sanyi da ake sawa lokacin ƙarin ruwan. Ni sai wata mai kamawa zan fara nawa. In na ɗaura ƙanƙara a kai ba zai yi ba?

Anti Nas (Surulere): Akwai ta. Sanyin yana tsuke jijiyoyin jinin fatar kai, sai maganin da ke isa tushen gashi ya ragu. Ana sa ta kafin a fara, da lokacin da ruwan ke shiga, da bayan an gama, kuma tun daga allurar farko. Ta fi aiki ga masu karɓar wasu nau'o'in kemo, paclitaxel ko docetaxel, ga jan maganin ba ta cika tare shi ba, kuma gashinmu mai kauri yakan hana sanyin isa fata sosai. Ki tambayi inda za a yi miki ko suna da ita da nawa take. Ƙanƙarar leda dai a'a, ba ta rufe kan daidai kuma tana iya ƙona fata.

Ummu Khalid (Mile 12): Abin da ba wanda ya faɗa min shi ne gira da gashin ido. Nawa sun tsaya har na shiga zango na biyu, na paclitaxel, sannan suka tafi, kuma wallahi sun fi na kai taɓa ni. Kai ana rufe shi, fuska fa? Jagira mai ruwan ƙasa na riƙa ja a hankali, baƙa tana fitowa da yawa. Kwalli na ajiye shi don idona yana ruwa. Gashin hanci ma ya tafi, hancina ya riƙa zuba ba mura, ga ƙurar kasuwarmu da hayaƙin manyan motoci. Takunkumi da tabarau suka taimake ni. Farcena ya yi baƙi, shi ma ya washe daga baya.

Maman Ilham (Agege): To dawowar fa, yaushe? Kuma yadda yake da yake dawowa?

Hajiya Babba (Idi-Araba): Nawa wajen sati biyar da ruwa na ƙarshe na fara jin wani laushi in na shafa, kamar kan jaririn da aka yi wa askin suna ya fara tohowa. Kullum bayan Asuba sai na tsaya jikin taga da madubi ina dubawa. A wata na huɗu ya rufe kan. Abin da ya fara fitowa fari ne sol a gaba, alhali kafin ciwon furfurata ba ta fi a ƙirga ba, ga laushi kamar auduga, ba irin nawa mai tauri da mai kitso ke ƙorafi a kai ba. A hankali baƙin ya riƙa shigowa, taurin ma ya dawo bayan shekara guda da wani abu. Kitson farko da aka yi min manya ne guda shida, sako-sako, a wata na tara. Na ce wa yarinyar in ta ja min ko kaɗan tashi zan yi. Da ta gama na ba ta ninkin kuɗinta, ita ba ta san dalili ba.

Da karkashi na riƙa wanke shi da ya fara tsawo, santsinsa yana sa mataji ya wuce ba tsinkewa.

Anti Nas (Surulere): Lissafin Hajiya ya yi daidai da na yawancin mata. Gashi yana ƙaruwa kamar santimita 1 a wata, don haka sai da haƙuri. Rilaksa, rini, ƙarin gashi da kitso mai ja, a bari sai an yi aƙalla wata 6 da gamawa. Baƙin lallen kanti mai sinadari kuwa kada ya taɓa kan sam. Zan faɗi wani abu don kada wata ta ce an ɓoye mata: akwai 'yan kaɗan, musamman cikin masu karɓar docetaxel, da nasu ba ya dawowa da cikarsa. Masu shan ƙwayoyin hana sankarar dawowa, tamoxifen ko letrozole, na shekaru 5 ko fiye su ma wasu kan ga ya yi shara-shara. In an wuce wata 6 babu alamar toho, a gaya wa likita, a duba ƙarancin jini da sauransu, akwai maganin shafawa irin minoxidil da zai iya rubutawa. Gashin ƙashi, wato haska wurin ciwon da na'ura, da za a yi miki daga baya, in an tsara miki shi, ba ya taɓa gashin kai, iyakarsa wurin da aka haska, kamar hammata.

Maman 'Yan Biyu (Obalende): Ilham shekararta nawa? Ki faɗa mata da bakinki kafin ta gani. Nawa sun shigo ɗaki ba sallama suka tarar da ni ba hula, Hassana ta kwana biyu ba ta yarda ta zo jikina ba. Ashe tsoro take kada ta ɗauka.

Maman Ilham (Agege): Shekararta 7. Zan yi haka in sha Allah.

Maman Ilham (Agege): Salam 'yan uwa, barkanmu da Lahadi. An yi. Jiya na ƙarasa tsifar da man zaitun kamar yadda Ummu Khalid ta ce, kusan rabinsa a cinyata ya ƙare. Yau bayan La'asar Abban Ilham ya sayo injin, muka zaunar da ita na ce mata maganin da zai warkar da Umma ne yake da ƙarfi har ya sa gashi ya tafi hutu, kuma ba a ɗauka. Ta tambaya ko da zafi, na ce a'a. Ita ta riƙe min madubin har aka gama, sannan ta lakato man kaɗanya ta shafa min da hannunta. Mama ta yarda za ta bi mu ranar Alhamis, ta ce tana da tambayoyin da za ta yi wa likitan. Laraba zan je gwajin jini.

Hajiya Babba (Idi-Araba): Alhamdulillah, Allah ya yi wa Ilham albarka. Ranar Alhamis ku fito da wuri saboda cunkoson Oshodi. In kun iso Idi-Araba ki yi min magana, ina da huluna huɗu sababbi da ban taɓa sawa ba, zan kawo miki har inda kike. Ki ce wa Mama ta zauna kusa da ni, zan ɗaga mata kallabina ta ga shukun da idonta.