Na bar koyarwa na koma aikin fassara ta intanet, yanzu aiki ya ja baya kuma ana tambayar sana'ata a gidan surukai

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a rai har barci ba na samu sosai.

A da ni malami ne a wata makarantar kuɗi nan cikin Kano. Turanci nake koyarwa a ƙaramar sakandare, amma ni ne mai haɗa jarabawa, ni ne mai buga sakamakon yara tunda ni kaɗai na iya kwamfuta, ranar Asabar ma a kira ni darasin ƙari ba ko sisi. Albashi naira 35,000, kuma idan aka tafi dogon hutu babu shi sai an dawo. Mai makarantar ba mugu ba ne, ya san mahaifina, da aka yi rasuwar kakata da ƙafarsa ya zo gaisuwa har ya zauna aka yi addu'ar uku da shi. Amma duk ranar da na ɗauko maganar ƙari sai ya ce a jira iyayen yara su biya. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya ninka, kusan rabin albashin a hanya yake ƙarewa, ga kuɗin makarantar ƙannena biyu a wuyana.

A nan ne wani abokina ya nuna min aikin fassara ta intanet. Ana ba ka rubutun Turanci ka mayar Hausa, ko sauti ka saurara ka rubuta, ko ka duba amsar da na'ura ta bayar da Hausa ka gyara. Da dala ake biya, dala kuwa a lokacin ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. Akwai watan da na samu abin da ya fi albashin rabin shekara. Sai na ajiye koyarwa. Na sayi kwamfuta, na sa ƙaramar sola, na kai kuɗin gaisuwa gidan yarinyar da nake nema.

Yanzu babban aikin da nake yi an rufe shi da saƙo guda, wai an gama wannan zagayen. Abin da ya rage gyaran fassarar na'ura ne, kuɗinsa bai kai na da ba. Ana cikin haka kawun yarinyar ya aiko wa mahaifina cewa ba za a tsayar da rana ba sai an san inda nake fita da safe. A unguwa ma har na ji ana raɗa wai ko ɗan yahoo ne, wallahi abin ya ƙona min rai. Mai makaranta kuma ya kira ya ce in dawo a 50,000. In koma ne ko in daure?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita ƙanena. Amma ba ka faɗa mana ba, a kuɗin da ka samu lokacin da abin ke tafiya, akwai wanda ka ajiye? Kuma yanzu nawa kake samu a wata? Sai an san wannan za a iya ba ka shawara.

Injiniya: Ƙanena saurare ni da kyau, tun kafin korona nake wannan harka. Kada ka koma. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, gwamnatin Kano ma 71,000 ta sa wa ma'aikatanta, shi kuma yana kiran mai digiri a 50,000 har kana tsayawa tunani? Matsalarka guda ce: ka rataya a wuyan kamfani ɗaya. Wanda ke aikin kansa ba ya haka. Ka buɗe shafi a Upwork da Fiverr, wato dandalin neman aiki ta intanet, ka gyara shafinka na LinkedIn inda ake tallata ƙwarewa, ka rubuta wa kamfanonin fassara kai tsaye. Ka sani Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari na kowane aiki kuma kuɗin sai sun yi kwana 14 kafin ka iya taɓa su, a Upwork kuma neman aikin ma da ɗan kuɗi ake yinsa, don haka ka sa farashinka da wannan lissafin. Sannan ka daina fassarar komai da komai. Ka kama fanni ɗaya, lafiya ko shari'a ko aikin ƙungiyoyin agaji da ke Maiduguri da Yobe, inda kuskuren kalma ɗaya zai iya cutar da mutum. Can ba wanda zai yarda da na'ura ita kaɗai.

Maganar kawu kuwa mai sauƙi ce. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka kama ɗan shago ko rabin shago, ka sa allo da teburi da firinta. Ka riƙa fita ƙarfe takwas kana dawowa bayan la'asar. Abin da dattijon ke son gani ke nan.

Direban Abuja: Ni dai duk aikin da waya ce ubangidanka na daina yarda da shi. Motar haya nake ja ta manhaja. Da aka fara, wallahi mun samu, har wasu suka ci bashin mota. Da mai ya tashi muka yi yajin aiki a watan Yunin 2023 muna neman a ƙara kuɗin tafiya a rage kason da ake cira. Yau mai a kanka, taya a kanka, bakanike a kanka, kamfani ya zare nasa tun kafin ka ga kuɗin. Fasinja ɗaya ya yi ƙorafin ƙarya a kaina aka rufe min asusuna a manhajar, babu ofishin da zan je in yi bayani, sai saƙo kake turawa na'ura na ba ka amsa. Sati huɗu iyalina... kai a bar maganar. Ranar da ka kwanta ciwo babu mai ce maka sannu.

Baban Zara: Ɗana, ni shekarata talatin ina aikin gwamnati kafin in yi ritaya, kuma na aurar da 'ya'ya. Kawun nan ba ƙiyayya yake maka ba, amana ce a hannunsa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka karɓi koyarwar, ka riƙa fassararka da dare da ƙarshen mako. Idan aka ɗaura aure aikin ya dawo da ƙarfi, sai ka sake shawara. Kuma mutumin da ya zo gaisuwar kakarka ya sake nemanka da kansa, ba a yi masa wulaƙanci.

Ɗan Gwale: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Amma haɗa su ba zai yiwu ba. Irin wannan aikin idan aka sako shi, wanda ya riga ya ɗauka shi ke da shi, wani lokaci cikin minti kaɗan ya ƙare. Ina aji ina koyar da yara aikin zai wuce ni. Kuma ni ban yi nadamar barin makarantar ba, da ina can da yanzu ko kuɗin gaisuwar ban kai ba.

Yaya Injiniya, shafukan da ka ambata duk na buɗe tun bara. Masu fassarar Hausa sun cika su, wani zai ce zai yi a kwatan kuɗin da ka faɗa, ya zuba a na'ura ya miƙa. Kuma shago da wane kuɗi? Ai haya ce ta shekara.

Injiniya: Buɗe shafi daban, aiki da shi daban. Mutum nawa ka rubuta wa a wannan satin? Fassarar na'ura ba yau ta zo ba, tun ƙarshen 2013 Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara kuma ba mu mutu ba. Abin da ya sauya tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya da yin rubutu kamar mutum, a ƙarshen 2022 shi ne ƙananan ayyuka sun tafi, amma a lokaci guda kamfanonin suka shiga neman masu harshe su koya wa na'urar, wanda shi ne kuɗin da kai ma ka ci. Aikin zagaye-zagaye yake zuwa, wani zai sake buɗewa. Baba kuma da girmanka, zamanin da kuka yi aiki akwai fansho da garatuti. Makarantar kuɗi wace fansho za ta ba shi?

Baban Zara: Injiniya, intanet ɗin fa, wace fansho take bayarwa? Aƙalla can ranar 30 ga wata ya san abin da zai kai gida.

Ummu Haidar: Ku bari in faɗi ta ɓangaren mata, tunda maigidana irin wannan aikin yake yi, zane-zanen kwamfuta. Masu ba shi aiki a Amurka suke, darenmu ne ranarsu, don haka shi da gari ya waye yake kwanciya. Wani watan mu ci kaji, wani watan in ranto kuɗin cefane wurin yayata ba tare da ya sani ba. Da aka ƙara kuɗin wuta a watan Afrilun 2024 layinmu ya koma naira 225 kowane yunit a lokacin, a farkon 2025 kuma aka ƙara kuɗin data da kashi 50, duk daga kuɗin abinci ake cirewa. Ba na raina sana'arsa, da ita muke rufin asiri. Amma ka zauna da yarinyar ka gaya mata gaskiyar yadda kuɗin ke shigowa. Ni ba wanda ya gaya min.

Ɗan Gwale: Anti ita ta sani, kuma tana goyon bayana. Matsalar daga manya take.

Akawu: Wani abu da ba wanda ya taɓo: sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025. Wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba babu haraji a kansa, amma sama da haka akwai, ko da daga waje kuɗin ke shigowa. Ka riƙa ajiye takardun biyan da ake maka da bayanin asusunka na banki. Su ɗin ma za ka iya buga su ka ba mahaifinka ya nuna wa kawun, ya ga halal ne kuma ga sunan masu biya.

Maman Ilham: Shawarar Akawu ta yi. Amma ƙanena har yanzu ba ka amsa min ba. Idan ka ƙi koyarwar kuma aiki bai buɗe ba, wata nawa za ka iya riƙe kanka?

Ɗan Gwale: Anti kuɗin ba a banza suka tafi ba, sola da kwamfuta jari ne, sauran kuma hidimar gida ce da ba zan iya zayyanawa a nan ba. Takardun banki kuma ina tsoron nuna su, don watannin baya-bayan nan za su fi jawo tambaya. Mai makaranta ya ce in ba shi amsa kafin a koma hutu, mahaifina kuma ranar Juma'a zai je wurin kawun.

Injiniya: To ka ce wa mai makarantar za ka riƙa zuwa kwana biyu a mako a biya ka na darasi, ka ga ka samu inda kake fita da safe. Amma cikakken aiki kada ka kuskura. Turo min shafinka ta akwatin saƙo in duba maka, na tabbata a bayanin da ka rubuta game da kanka matsalar take.

Baban Zara: Ba mai makarantar da zai yarda da kwana biyu ga malamin Turanci.

Sabon Ɗalibi: Salam. Don Allah Yaya Ɗan Gwale ta ina ake rajistar wannan aikin fassarar? Na gama bautar ƙasa tun bara ina zaune, kuma waya kawai gare ni, za ta yi?