Tambaya: sarautar gidan waya ta gado a daular da ba ta rushe ba

Jama'a, ina neman shawarar masana tarihin Turai. Ina tsara labarin "da a ce" inda Daular Rum Mai Tsarki, wadda ta haɗa ƙasashen Jamusawa, ba ta rushe a 1806 ba, ta kai har 1870. A kan gidan Thurn und Taxis na cije.

A tarihin gaske, Sarki Matthias ya mayar da muƙamin shugaban gidan waya na daula ya zama na gado a gidansu a 1615. Daga 1748 suka zauna a birnin Regensburg suna wakiltar sarki a majalisar daula har zuwa 1806. Sai a 1867 masarautar Furusiya (Prussia) ta Jamus ta karɓe harkar gidan wayar daga hannunsu.

Matsalar tangarahu ce. Sarautar tasu kan ɗaukar wasiƙa da dawaki aka kafa ta, daga zango zuwa zango. In na ce ta haɗa da wayar tangarahu, gida ɗaya ke riƙe da sirrin kowane basarake, har su fi sarkin ƙarfi, labarin ya karkace. In na hana su, jirgin ƙasa da tangarahu za su cinye kuɗin shigarsu, sarautar ta koma suna kawai.

Na gwada ba su layukan da ke tsallaka iyakokin yankuna kaɗai, amma sarakunan yankuna irin na Brandenburg tun ƙarni na 17 suke da nasu gidan waya. Me zai sa su yarda yanzu?

Wa ya dace ya yanke hukuncin faɗin sarautar, sarki ko majalisa? Kuma wane takunkumi zai bar gidan da tasiri ba tare da ya haɗiye daular ba?