Landan zuwa New York, awa nawa kuka yi a sama?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa tashi daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa JFK na New York ku taimaka min, tikitina ya nuna tashi 11 na safe sauka 2 na rana, dawowa kuma tashi 7 na yamma sauka 7 na safe, wai zuwa awa 3 dawowa awa 12 kenan?? Da ƙaramar yarinya zan tafi shi yasa hankalina bai kwanta ba.

Abu Hanif: Wa alaikumus salam Hajiya. Agogo ne ya ruɗa ki, Landan tana gaban New York da awa 5, tikiti kuwa lokacin garin da ake ciki yake rubutawa. Zuwa awa 8 zaki yi, dawowa wajen 7. Nisan ya ɗan haura kilomita 5,500.

Ummu Sultan: Gaskiya ne Malam. Ni da hunturu nayi tafiyar kuma wallahi zuwan ya gajiyar dani, rana taƙi faɗuwa muna ta tafiya. A dawowa na ƙura wa taswirar nan ta bayan kujera ido, naga gudun jirgin ya wuce kilomita 1,000 a awa, alhali da muna zuwa ko 850 da ƙyar yake kaiwa. Wata iska ce mai ƙarfi can sama da take kaɗawa daga yamma zuwa gabas, a zuwa kuna fuskantarta, a dawowa ita ke tura ku, kuma tafi ƙarfi lokacin sanyi.

Baffan Yara: Ita ce ai ta kawo jirgin British Airways daga JFK zuwa Heathrow cikin awa 4 da minti 56 a Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara. Ni abin da ya bani mamaki hanyar ce, mun bi ta kan Ireland sai naga mun ɗan lanƙwasa arewa sannan muka gangaro ta kan Newfoundland ta Kanada, a taswira kamar zagaye ne amma tunda duniya ƙwallo ce nan ɗin ne yanke.

Ummu Sultan: Anti ki ƙara da lissafin ƙasa fa, shi ne mai cin rai. A JFK mun daɗe cikin jirgi an rufe ƙofa muna layin tashi, jirage a gabanmu reras, sannan ranar da muka sauka layin imigireshan ma ya ci lokaci sosai, yara nata kuka. Ki ware mata kayan canji da madararta a jakar hannu, kuma lokacin tashi da sauka ki bata abin tsotsa saboda toshewar kunne.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. To mai zuwa ɗaukata ince masa ƙarfe nawa?

Abu Hanif: Ki bashi lambar jirgin ya riƙa bibiya a waya, ya iso wajen 3 agogon New York.