Ruwan sha a gida lokacin bazara: yadda kowa yake tace nasa

Magidanci daga Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da zafin bazara ya kama, ruwan da ake sha a gidana ya ƙaru sosai, kuma duk daga hannun 'yan garuwa muke saye, domin famfon unguwarmu ya daɗe bai kawo ba. Ruwan yana zuwa garau a ido, amma ban san rijiyar da aka ɗebo shi ba, ban kuma san rabon jarkokin da wanki ba. Uwargida ta fara tafasa na sha, sai ga wata sabuwar matsala: yara sun ce ba shi da daɗi kuma ba ya sanyi, saboda haka sukan faki idonta su kwankwaɗi na jarka, mahaifiyata kuwa da take zaune tare da mu ta rage shan ruwan gaba ɗaya. Ina roƙon duk wanda ya taɓa fama da irin wannan ya gaya mana abin da ya yi a gidansa da abin da ya gani da idonsa.

Uwar 'ya'ya daga Zariya

Wa alaikumus salam Alhaji. Yaranka ba ƙarya suka yi ba, tafasasshen ruwa lami ne a baki, domin iskar da ke cikinsa ta fice lokacin tafasa. Abin da nake yi shi ne, bayan an sauke tuwon dare sai in ɗora ruwan a kan ragowar wutar, in jira ya tafasa sosai har yana zaɓalɓala, in ƙara masa minti ɗaya, sannan in sauke shi ya kwana a rufe. Da asuba sai in sheƙa shi tsakanin tsaftatattun mazubai biyu kafin in juye a randa, kuma kafin hantsi ya yi sanyin da babu yaron da zai waiwayi jarka.

Sai dai inda na fi so a lura shi ne randar kanta. Na daɗe ina kallon yadda ake yi da moɗa a gidajenmu: yaro ya dawo daga wasa ko daga bayi, ya ɗauke ta daga ƙasa, ya tsoma hannu har wuyan hannu, ya sha, ya zuba ragowar a ciki. To ina amfanin itacen da aka ƙona? Ni dai na sa an yi mini randa mai ɗan famfo a gindi, na ɗora ta a kan kujerar ƙarfe, murfinta kuma ba a buɗewa sai ranar wanki ko lokacin zuba ruwa. Wanda bai samu irinta ba, ya nemi ludayi mai dogon mariƙi da ake ratayewa, kowa ya zuba a kofinsa. Tun da na yi haka ciwon ciki ya ragu a ɗakin yarana ƙwarai.

Malamin makaranta daga Maraɗi

Hajiya ta yi gaskiya, amma a wajenmu tafasa ruwan gida mai mutum da yawa kullum ba ƙaramin aiki ba ne, saboda tsadar itace da gawayi. A garin da aka fara tura ni koyarwa, da damina ruwan rijiya yakan zo jajir da laka. Mata sukan kaɗa ɗan alif a ciki, wasu kuma su ɓare busasshen irin zogale su daka shi lukui su dama su zuba, bayan ɗan lokaci lakar ta kwanta a ƙasa, a tsiyaye na sama. Ni na fi son zogalen domin ba ya sauya ɗanɗano kamar alif idan ya yi yawa, amma ruwan zogale ba ya son ajiya, a ranar ake shanye shi. Bayan tsiyayewa nakan jefa ƙwayar Aquatabs, wato ƙwayar sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, bisa adadin litar da aka rubuta a jikin takardarta.

Akwai kuma abin da mu mutanen wannan yanki ba ma mantawa da shi. A Tibiri, nan kusa da Maraɗi, yara masu yawa haƙoransu sun rine, ƙasusuwansu sun lanƙwashe, saboda ruwan rijiyar burtsatse mai zurfi da ke ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima. Wannan ruwan garau yake, kuma tafasa ko alif na gida ko ƙwayar kulorin ba sa raba shi da sinadarin. Saboda haka duk wanda ya haƙa sabuwar burtsatse, ya kai ruwan a gwada masa kafin iyali su ɗora a kansa.

Ma'aikaciyar lafiya daga Bauchi

Malam, na ji daɗi da ka ambaci ƙwayar bayan alif, domin a kan alif ɗin ne mutane da yawa suke tsayawa. A annobar kwalara ta 2021, wadda aka yi zargin ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya kuma jiharmu tana cikin waɗanda abin ya fi shafa, na shiga gidaje da dama inda matar gida za ta nuna mini ruwanta da alfahari ta ce ai ta sa alif. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin kwalara ko na taifot. Aikin mataki biyu ne: a fara raba ruwa da datti, sannan a kashe abin da ido ba ya gani, ko da wuta ko da kulorin irin WaterGuard da Aquatabs. Kulorin yana bukatar minti 30 kafin a sha, kuma ba ya aiki yadda ya kamata a cikin ruwa mai laka. Ɗan warin da yake bari, wanda wasu suke ƙyama, shi ne yake ci gaba da tsare ruwan a cikin mazubi.

Alhaji, maganar Hajiya mahaifiyarka ta fi damuna. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri kamar matasa, saboda haka kada a jira sai ta nema. A ajiye mata nata kofin kusa da ita, a riƙa miƙa mata bayan kowace salla, a haɗa da kunu da kankana da farau-farau idan tana so. A lura da fitsari: idan ya yi kaɗan kuma ya yi duhu, jiki yana neman ruwa, idan kuwa ta fara jiri ko rikicewar magana a cikin wannan zafi, a kai ta asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Idan gudawa ta kama wani a gida kuma babu ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na asibiti, a kusa, a dama sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi a cikin lita 1 ta tsaftataccen ruwa, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, abin da ya wuce awa 24 a zubar. Jariri kuwa da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi ko da ana tsananin zafi; uwar ce za ta ƙara shan ruwa ta kuma yawaita ba shi mama.

Dattijo daga Sakkwato

'Ya'yana, ku kun taso ba ku san kurkunu ba, mu kuwa mun ga yadda yake kwantar da manomi daidai lokacin noma. Abin da ya taimaka wajen korar sa har da ɗan ƙyallen tacewa da ma'aikata suke rabawa a ƙauyuka, a ɗaura a bakin tulu kafin a zuba ruwan tafki, kuma Janar Yakubu Gowon da kansa ya yi ta zagaye a kan wannan aiki tare da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter. A 2013 aka tabbatar da Najeriya da Nijar sun rabu da cutar. Har yau ba a zuba ruwa a randar gidana sai ta cikin farin ƙyalle mai tsafta da aka ninka.

Ma'aikaciyar lafiya daga Bauchi

Allah ya ƙara girma Baba. Ƙyallen ya yi aiki ne domin ƙwaron ruwan da ke ɗauke da kurkunu yana da ɗan girman da ƙyalle zai tare. Ƙwayoyin taifot sun fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, saboda haka a ci gaba da ƙyallen, amma a ɗauke shi a matsayin matakin farko.

Ɗan kasuwa daga Kaduna

Ni matacin nan mai bene biyu nake amfani da shi, wanda ake zuba ruwa a sama ya riƙa ɗiga ta cikin kyandir na farar ƙasa zuwa ƙasa. Na koma gare shi ne bayan na lissafa abin da fiya wata yake ci mini, ga ledojin da suke toshe mana kwata, ga shi kuma ba kowace leda mai lambar NAFDAC nake yarda da ita ba idan na ga yadda ake jibge ta a rana. Matacin ba ya sauya ɗanɗano, saboda haka yara ba su taɓa ƙin ruwan ba. Matsalarsa jinkiri, musamman idan kyandir ya yi datti, don haka da dare ake cika shi. Idan ɗigar ta ragu sai in kwance kyandir in goge shi da burushi mai laushi da tsaftataccen ruwa, ba tare da sabulu ba. Abin da ya fi haɗari shi ne ranar da ruwa ya fara sauka da sauri fiye da yadda aka saba: galibi kyandir ya tsage ne ko robar gindinsa ta saki, kuma ruwan yana wucewa ne kawai ba tacewa. Tambayata ga Malama ita ce, shin bayan matacin ma sai an sa kulorin?

Ma'aikaciyar lafiya daga Bauchi

Alhaji, lafiyayyen kyandir yana tare mafi yawan ƙwayoyin bakteriya da ƙwan tsutsar ciki, amma ƙwayoyin bairos, irin masu jawo wani nau'in ciwon shawara, suna iya ratsa shi. Idan ruwan na burtsatse ne mai kyau da ke nesa da masai, matacin zai iya wadatarwa. Idan kuwa ba a san asalinsa ba, ko ana annoba a gari, a sa kulorin a ruwan da ya riga ya sauko ƙasa. A riƙa wanke mazubin ƙasan da bakin famfonsa da ruwan da aka tace. Sannan duk abin da na faɗa game da yawaita shan ruwa bai shafi mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya da likita ya ƙayyade wa adadi ba. Shi ya tsaya a kan abin da likitansa ya ce, ko da zafi ya tsananta, ya koma asibiti a sake duba masa adadin.